Haɗa ƙungiyoyin mata masu kare daji a inuwa ɗaya: ta ina ake kamawa?

Maman Iklima: Assalamu alaikum jama'ar zaure. A ce akwai ƙungiyoyin mata takwas ko goma a ƙananan hukumomi biyu, wasu na renon dashe, wasu na tsintar kaɗanya, wasu na saƙar kaba, kuma kowace kukanta ɗaya, daji yana ƙarewa. Ana so a haɗa su wuri guda yadda matan ne za su riƙe ragamar aikin, ba a riƙa kiran su ranar taro don su cika hoto ba. Me ake fara yi? Rajista, neman tallafi, ko bita?

Anti Lauya: Wa alaikumus salam. A ajiye ukun nan tukuna. A fara amsa wannan: wane abu ne matan za su zama su ke da ta cewa a kansa, kuma a rubuce? In babu amsa, haɗakar za ta zama ta shan lemo da raba riguna.

A duba ƙasar Gambiya. Matan da ke ɗibar ƙumbar teku, wadda ke manne a saiwar itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, sun kafa ƙungiyar TRY a 2007 ƙarƙashin jagorancin Fatou Janha. Daga ƙauye ɗaya suka fara, har suka kai mata kusan 500 a ƙauyuka 15 na kewayen Banjul. A 2012 gwamnati ta sa hannu ta ba su, su kaɗai, izinin ɗibar ƙumba a dausayin Tanbi. Tare da takardar akwai dokar da suka kafa wa kansu: wata huɗu kawai ake ɗiba, daga Maris zuwa Yuni, wata takwas a rufe. Ba a sare saiwa, a kankare ƙumbar a bar itacen. Ƙanana a bar su su girma. Kowane ƙauye da mashigin ruwansa. Matar da za ta haƙura wata takwas tana yi ne don ta san in an buɗe ba wani zai riga ta kwashewa ba. Ba don takardar nan ba, wa zai jira?

Malam Na-Gashuwa: Anti, Gambiya ƙaramar ƙasa ce, daga Tanbi zuwa ofishin minista tafiyar minti kaɗan ce. A Najeriya gandun daji na gwamnatin jiha ne, manyan wuraren ajiyar namun daji kuma na tarayya. Ƙungiyar matan ƙauye ta je ma'aikatar muhalli ta ce a ba ta gandu? Fayil ɗin zai tsufa a kan tebur.

Anti Lauya: Gaskiyarka Malam, shi ya sa ba daga gandun gwamnati ake farawa ba. A nemi fili ƙarami na gari, kadada biyu zuwa biyar, ko da fako ne da kowa ya raina. Matakan su ne: zama da dagaci da masu unguwanni, a sa liman da wakilin makiyaya, don kada a wayi gari ashe burtali ne ko mashaya. A zagaya iyaka da ƙafa, a ɗauki lambobin kusurwoyi da waya, a kafa duwatsu. Sannan a rubuta yarjejeniya da Hausa, hakimi ya sa hannu, a kai ƙaramar hukuma, domin dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a karkara.

Abu huɗu kada su ɓace a takardar. Sunan ƙungiya, ba sunan shugaba ba. Nau'in bayarwa: kyauta ce, aro ne, ko haya. Shekaru nawa, kuma kada a yarda da ƙasa da 15 in itace za a raina. Na huɗu, wanda aka fi mantawa, itatuwan da amfaninsu na wa ne in wa'adi ya cika. Abin da ke faruwa kullum shi ne a ba mata fako da baki, su yi shekara uku suna haƙa ramuka suna zuba taki, ranar da ƙasa ta farfaɗo sai magada su tuna gonar kakansu ce.

Hajiya Ta-Maraɗi: A wajenmu Nijar wannan aikin na kwamitin filaye ne, wanda ake kira Kofo, yana nan tun daga matakin ƙauye, ya samo asali daga dokar karkara ta 1993. Suna ba da takardar shaidar kyauta, aro, saye ko jingina. Sai dai ni ban yarda takarda ce farko ba. Asusu ne farko. Matar da ba ta da kuɗin mota zuwa wajen hakimi, ba ta da na awo ranar da ta bar sana'arta ta zauna taro, wace takarda za ta bi?

Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Yadda aka fi yin sa yanzu: mata 15 zuwa 30, zama kowane mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kowace ta zuba kaso ɗaya zuwa biyar, rance bai wuce ninki uku na abin da ta tara ba, ta biya cikin wata uku. Akwai ɗan asusun jin ƙai a gefe na haihuwa da rashin lafiya. Shekara ta zagayo a fasa a raba. Amfaninsa ga maganarmu ya wuce kuɗin. A nan mace ke koyon jan zama, ƙirga kuɗi a bainar jama'a, cin tarar wadda ta makara ko da matar mai gari ce. Wadda ta yi shekara biyu tana wannan ba ta jin nauyin buɗe baki a gaban malamin daji.

Baban Walida: Hajiya, ina batun kuɗin ruwa a rancen? Malamai da yawa za su hana matansu shiga, kuma suna da hujja.

Hajiya Ta-Maraɗi: Ana kauce masa. Ƙungiya ta sayi kayan da kanta, buhun gyaɗa ko tunkiyar kiwo, ta sayar wa mamba bashi a farashin da aka yanke tun farko, ba ya ƙaruwa ko ta yi jinkiri. Ko a ba da rance babu ƙari, asusu ya riƙa girma da ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara. A kai wa limamin gari tsarin ya gani kafin a fara, ba bayan surutu ya tashi ba.

Anti Lauya: Ba mu saɓa ba sosai. Asusu ya fara tafiya, ana bin takarda a lokaci guda. Abin da na ƙi shi ne a shekara biyar ana adashi da sunan kare muhalli, ba a taɓa zama da dagaci kan ko itace ɗaya ba.

Dakta: Ina so in shigo da maganar kujeru, don nan ake yi wa mata wayo cikin ladabi. Masaniyar tattalin arziki 'yar Indiya, Bina Agarwal, ta bi kwamitocin kula da daji na ƙauyuka a Indiya da Nepal. Ta gano cewa sai mata sun kai kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kwamiti sannan suke zuwa zama sosai, su yi magana, su riƙe muƙami. Kuma dazuzzukan da kwamitinsu ke da mata da yawa sun fi farfaɗowa. A Nepal har ƙungiyoyin mata zalla, waɗanda aka saba ba su ƙananan dazuzzuka da suka fi lalacewa, sun nuna kyakkyawan sakamako. Dalilin a fili yake: mai shiga daji kullum neman itace da ganye ita ke fara ganin sabon sara, kuma dokar da aka yi da ita ba ta karya ta.

Ƙa'idar dazuzzukan al'umma ta Nepal ta ce rabin kwamiti mata ne, kuma shugaba ko sakatare ɗaya ta zama mace. Duk da haka ba adadi kaɗai ba ne. Ga abin da zan sa a kundin ƙa'idojin kowane kwamitin gari da haɗakar za ta shiga:

Zama ba ya halatta sai rabin matan kwamiti suna wurin. In babu wannan, za a sa taro bayan isha'i a ƙofar fada, a rubuta cewa mata ba su zo ba.

Masu sa hannu a banki uku ne, biyu mata, kuma ba a cire kuɗi sai da sa hannun biyu.

Matan su zauna su kaɗai kwana ɗaya kafin babban zama, su tsayar da magana, su zaɓi mai faɗa.

Lokacin taro hantsi ne bayan an gama ɗora sanwa, ko bayan la'asar, ba ranar kasuwa ba, ba tsakiyar shuka ba.

Malam Na-Gashuwa: Dakta, na uku ɗin nan shi ne mai aiki a ƙasar Hausa. Mace ba za ta musa wa surukinta ko yayan mijinta a bainar jama'a ba, ko ta fi shi gaskiya. Amma in ta ce "matan gari ne suka aiko ni", maganar ta tashi daga tata. Kuma a lura wa ake zaɓa. Zawarawa da dattijai mata sun fi sakewa wajen yawo da magana, sai dai in su kaɗai ne, amare da matan kulle ba su da murya, alhali su ke amfani da itacen girki fiye da kowa. A yi wakilci unguwa-unguwa, wakiliya ta bi gida-gida.

Gwaggo Mai-Dashe: Ku 'yan boko kun cika takarda da kujera. Ƙungiyar da dashenta ya mutu babu mai sauraronta a fada, ko kujera goma gare ta. Bari in faɗi inda ake faɗuwa.

Na ɗaya lokaci. Ana cika ledar renon dashe da ƙasa a Maris, a shuka iri Maris zuwa Afrilu, dashe ya yi wata uku zuwa huɗu, a fitar da shi a Yuli in ruwa ya zauna. Kuɗin tallafi kuwa sau da yawa sai Yuni yake sauka, a yi ta gaggawa, a dasa a Satumba, ruwa ya ɗauke, kafin hunturu ya fita sun bushe. In kuɗi ya makara gara a riƙe shi zuwa baɗi.

Na biyu haɗin ƙasa: kashi biyu yashi mai laushi, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara. Irin gawo da bagaruwa da kuka ɓawonsu tauri gare shi, a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefen kowane. Irin darbejiya kuma ba ya ajiyuwa, makonni kaɗan ya mutu, a shuka shi da ɗanyensa. Duk mako biyu a ɗaga ledoji a gusar da su, in ba haka ba saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar cirewa ta tsinke. Saura mako biyu a dasa, a rage ban ruwa a janye rumfa, su saba da rana.

Na uku awaki. Dashe ɗari da kariya ya fi dubu a sake.

Dakta: Gwaggo, ranki ya daɗe, maganarki ita ce ta Wangari Maathai a Kenya. Ta fara ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt Movement a 1977 ƙarƙashin majalisar matan ƙasar, da itace bakwai a Nairobi. Dabarar da ta riƙe aikin ita ce ba a biyan mace don ta dasa, sai an dawo an ƙirga waɗanda suka rayu sannan a ba ta ɗan abin da aka yanke kan kowane. Kuma matan da suka fara da leda da bokiti su ne daga baya suka tsaya kare filin shaƙatawa na Uhuru a 1989 da dajin Karura a ƙarshen shekarun 1990. Lambar Nobel ta 2004 daga baya ta zo.

Gwaggo Mai-Dashe: To a ƙara da wannan: mai ƙirga kada ta zama 'yar ƙungiyar da ake ƙirga wa. Amfanin haɗaka ke nan. Matan wannan gari su je su ƙirga na wancan, na wancan su zo nan. Sau biyu, ƙarshen damina da kuma Mayu, don na Mayu shi ne na gaskiya. Littafi kuma ya zauna a hannun mace. In babu mai rubutun boko, a yi da ajami, ko a ɗauko 'yar sakandare a riƙa ba ta ɗan alawus. Da zarar an ce ɗan wane ya riƙe littafi don shi ya yi makaranta, shekara biyu shi ne shugaba.

Hajiya Ta-Maraɗi: Ni fa zan ce a rage dogaro da leda gaba ɗaya. Abin da ya mayar da itatuwa gonakin Maraɗi da Damagaram sassaben zamani ne, wanda aka fara yaɗawa wajen 1983, har ana lissafin kadada miliyan 5. Kututturen da ke tohowa a gona, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran da lauje ko adda mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A rage ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayi, a ɗaura tsumma ja don a san mai shi ya raina. Bayan wata biyu zuwa shida a koma. Ba rijiya, ba leda, kuma abin da aka sassabe itacen girki ne.

Inda mata ke shiga matsala shi ne gamana, wato gayauna a faɗar mutanen Kano. Miji ke ba da ita, yana iya sauya mata wuri baɗi. Wace ce za ta raina gawo shekara biyar a gonar da ba ta san ko ita za ta noma ta ba? Don haka haɗaka ta nemi abu ɗaya a wajen masu gari: a yi shela cewa itacen da mace ta raina a gamanarta, ganyensa da 'ya'yansa da rassansa nata ne ko an sauya gona. Sannan a sa mata cikin kwamitin sintiri, da tara sananniya ga mai saran dare.

Baban Walida: Tunda an zo sintiri, me za ku ce kan mata masu gadin daji? Black Mambas a Afirka ta Kudu tun 2013 suke, ba sa riƙe bindiga, suna bin shinge suna kwance tarko a yankin gandun dajin Kruger. Akashinga a Zimbabwe kuma tun 2017, su da makamai. Ana iya irin wannan a nan?

Malam Na-Gashuwa: A inda ake fama da masu tarko da masu gawayi, ana iyawa. A dajin da 'yan bindiga suka kafa sansani, kamar yadda aka sha fama a dajin Kamuku na jihar Kaduna, tura mata ko maza babu makami ganganci ne. Kuma a tuna Black Mambas suna da masu makamai a bayansu da suke kira in abu ya fi ƙarfinsu. Wanda zai ɗauki mata wannan aiki ya tanadi takalmi da kaki daidai jikinsu, ba ragowar na maza ba, makwanci da banɗaki daban, hutun haihuwa a rubuce, da hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun shugabanta na kai tsaye ba. Rashin waɗannan ke korar su cikin shekarar farko. Mu a dausayin Haɗeja da Nguru ma abin da ya fi gaggawa ba bindiga ba ce, kachalla ce da ta toshe hanyoyin ruwa, da goruba da ake yanke wa kaba tun tana ƙarama har ba ta tashi. Masu saƙa su suka san inda ake yankan, su ya kamata su tsara wane yanki za a huta wace shekara.

Maman Iklima: Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura tsarin ita uwar ƙungiyar, da batun rajista da tallafi.

Anti Lauya: Kowace ƙaramar ƙungiya ta yi rajistar gama-kai a ma'aikatar jiha, ya fi sauƙi da araha. Uwar ƙungiya ce kaɗai ke buƙatar rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, inda ake buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, kafin banki ya buɗe asusu. A riƙa kai rahoton shekara, in aka bari ya taru tara ce. Amintattu su fito daga ƙungiyoyin ƙauye. Kuskuren da ke kashe haɗaka shi ne mai ilimi ta birni ta yi rajista da sunanta da na ƙanwarta da mijinta, matan ƙauye su koma "masu cin gajiya". Mai ilimi ta zama ma'aikaciya da ake ɗauka ana iya sallama, kada ta zama mai ƙungiya.

Dakta: Tsari kuma: wakilai biyu daga kowace ƙungiya, wa'adi shekara biyu, sau biyu kawai. Kowace mai muƙami da mataimakiya matashiya da ke bin ta duk inda za ta. Taro ya riƙa zagayawa gari-gari. Kuɗin mamba na wata ya isa biyan motar wakilai ko babu mai tallafi, don ranar da aikin tallafi ya ƙare kada zama ya ƙare. Shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya (GEF), wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ke gudanarwa, yana ba ƙungiyoyin al'umma tallafi, amma wadda ba ta taɓa riƙe littafin naira dubu ɗari biyar ba kada ta fara da shi. A rubutun neman tallafi a kafa hujja da manufa ta 23 ta yarjejeniyar kare halittu ta Kunming da Montreal ta Disamba 2022, wadda ta yi maganar haƙƙin mata kan ƙasa da albarkatu da shugabanci. Najeriya da Nijar duk suna cikin uwar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu, wadda ta haife ta.

In an yi ƙarfi a nemi alaƙa da REFACOF, haɗakar matan Afirka kan kula da dazuzzuka da Cécile Ndjebet ta Kamaru ta jagoranci kafawa a 2009. Su tun farko mallakar ƙasa da daji suka sa gaba.

Gwaggo Mai-Dashe: Wa'adin shekara biyu ya yi kaɗan, Dakta. Kaɗanya sai ta shekara goma sha biyar kafin ta yi 'ya'ya, ku kuna sauya shugaba kafin ta gane hanyar sakatariya.

Dakta: To a yi uku, amma kada a sauya duka lokaci guda. Rabi su sauka bana, rabi baɗi, kuma ma'ajiya da shugaba kada wa'adinsu ya ƙare shekara ɗaya.

Hajiya Ta-Maraɗi: Na yarda da uku. Maman Iklima, zaman farko a sa shi bayan an gama girbi, Nuwamba ko Disamba, lokacin akwai ɗan kuɗi a hannu kuma da sauran wata uku zuwa huɗu kafin cika leda. Kowace ƙungiya ta zo da littafin asusunta, da sunan filin da take so a nema mata, da wanda ke da iko da shi yanzu.